Namadi da Ƙarshen Jirgin Dogo

Duk wanda ya san layin masu gyara a bayan kasuwar hatsi ta Ƙauran Namoda ya san Namadi Mai Rediyo. Shagona na ɗinki yana jikin nasa tun muna samari, don haka ba jita-jita zan kawo muku ba. Mutum ne mai taurin kai, ga rowar magana, amma in ya ce rediyonka ya mutu, to ka haƙura kawai. In gardama ta kaure a layinmu, cewa ake a kira Namadi, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Talabijin ce ta fito da shi. Yana da wata ƙarama, baƙi da fari, mai aiki da batirin mota. Duk Asabar bayan la'asar akan nuna wani wasan Turawa na mutanen da jirginsu ya ɓace tsakanin taurari, suna neman hanyar gida. Sunan wasan ya gagari bakinmu, sai muka sa masa Jirgin Dogo, saboda tsawon shugaban jirgin. Namadi ya tsinci Turanci wurin ma'aikatan reluwe, shi ke yi mana fassara.

Har gobe in ka taɓo masa wasan nan ka taɓo wa kanka aiki. Zai ce maka kashi goma sha uku ne, kuma na biyar ya fi kowanne, inda ruwa ya ƙare a jirgin, Dogo ya riƙa raba shi da cokali, shi bai sha ba sai da kowa ya sha. Manoman ƙauyen Banga da ke zuwa kallo, waɗanda suka san fari, sun yi tsit ran nan. Amma ba ya rufa wa wasan asiri. Tsakiyarsa, in ji shi, koko ne da aka cika wa ruwa. Kowace duniya suka sauka, duwatsun nan ne dai aka sake wa gefe. Dodannin kuwa rigar roba ce, ni na fara hango zif a bayan ɗaya, kuma ɗinkin ma na koyo ne. Wani tsoho ya taɓa tambaya cikin fushi, "Wai mutanen ga ba mai noma cikinsu, to mi suka ci?"

Ranar kashi na ƙarshe, ana cikin kallo batiri ya mutu. Mutane suka yi kamar su cinye shi ɗanye. Ran Laraba sai ga Namadi yana cewa jiya ya je Gusau ya ga maimaici a gidan wani abokinsa. Ya ba mu ƙarshen: jirgi ya yi nauyi, dole mutum ɗaya ya sauka, Dogo ya zauna shi kaɗai a busasshiyar duniya da ɗan iri a hannu, mutanensa suka iso gida. Wallahi na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Shekara talatin da wani abu aka yi a haka. Bana sai Nusaiba, ɗiyar ƙanensa da ke karatu a foli, kwalejin fasaha, ta tono wasan gaba ɗaya a wayarta. Da murnarta ta bi tsofaffin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce su taru ran Asabar a shagon baffanta.

Daga ranar Namadi ya daina cin abinci. Ya ƙona rediyon mutane biyu da dalma. Ran Alhamis ya shigo shagona ya zauna kan buhun ƙyalle, ya ce, "Armiya'u, ban tahi Gusau ba. Kunya ta sa ni, na zamna na ƙaga ƙarshen nan da kaina."

Haushi ya kama ni, sannan tausayi. Abin da ya tara a duniya ba gida ba ne, ba gona ba, kalma ce, ga shi waya za ta rushe ta cikin rabin awa.

Asabar ta zo, mu tara muka rage, duk furfura. Nusaiba na haɗa waya da talabijin, Namadi ya miƙe. Ya faɗi gaskiya tas, ya ce duk wanda ya daina yarda da maganarsa daga yau bai zalunce shi ba.

Can sai Mahmuda, tsohon direban tasha, ya fashe da dariya har da tari.

"Kai Namadi! Ni ka lodin Gusau ranar Talatan nan, ban ɗauke ka ba. Ga shi kuma an gane ka Banga kana huɗar dawa. Duk mun sani tun sannan."

"To don mi ba ku hwaɗi ba?"

"Mun ji labari mai daɗi, mu ɓata shi? Kuma tun ran nan muke sa maka ido, ba mu sake kama ka da ta biyu ba."

Namadi ya koma kan benci ya rufe fuska da hula. Ajiyar zuciyar da ya yi, har ni na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Aka kunna. Ashe a ainihin ƙarshen, wani maɓalli Dogo ya danna, jirgi ya iso gida, kowa na washe baki, zif ɗin nan kuwa yana nan inda na bar shi. Mahmuda ya yi tsaki ya ce wa Nusaiba, "Kashe wanga, ɗiyata. Namadi, ba mu namu."

Ya ce su dakata tukuna a kawo masa fura, kwana biyar rabonsa da abinci. Ya shanye kwano guda, ya goge baki, sannan ya fara daga inda batiri ya mutu.