Ragon Sunan Kifin Yawuri

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Tukur ya rasu.

Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni aka faɗa mini. Na ce to. Na gama shara, na tada janareta, na zauna. Har yanzu hawaye bai zo ba. 

Ga waɗanda ba su san shi ba, ma'aikacin ofishin ƙungiyoyin gama kai ne a nan Yelwa, ƙasar Yawuri. Wata hukumar ƙasa da ƙasa ta ba shi horo a Abuja, daga baya har ƙasar waje, kan yadda ake yi wa kayan gari rajista da sunan garin, don kada wani ya ci kasuwa da sunan da ba nasa ba.

Ya dawo ba shi da zance sai na kifin Yawuri. A kudu duk bandar kifin da aka baza, ko daga ina ta fito, sai a ce ta Yawuri ce. Matanmu ke shan hayaƙi, kowa ke cin sunan.

Ranar da ya fara tara matan banda na Yelwa, Wara da Shanga, ni na haɗa masa lasifika. Ya ajiye Turancin da ya koyo gefe, ya ce, "Kihinku ɗa na, an haihe shi, ba a raɗa mai suna ba."

Inna Hajo, shugabar matan Wara, ta ce, "To Malam, in suna za a yi, ina rago?"

Aka kwashe da dariya. Ya ce rago yana wuyansa ranar da rajista ta fito. Tun daga nan suka laƙaba masa Uban Suna.

Ni mai zane ne, allon shago da sunan jirgin ruwa. Da masanan da suka horar da shi suka ce za su sa a zana tambarin kifin a can wajensu, ya ce musu akwai mai zane a garinmu. Haka aikin ya zo hannuna.

Shi ya fara ce mini in riƙa sa sunana a ƙasan duk abin da na zana. "Hannunka ma dukiya ne," in ji shi. Na ɗauka zolaya ce.

Da innata ta kwanta asibiti, kullum sai ya biyo da fura, ko da ba zai zauna ba.

Ranar Alhamis ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona. Na nuna masa tambarin a kwamfuta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wagga tarwaɗa taka ta cika ƙiba, kamar ta kiwo. Rage mata ciki, ta gulbi ba ta zama wuri guda."

Ya ce yana jin gajiya kwanakin nan. Ya sha ruwa, ya ce sai ya dawo.

Na rage mata cikin. Bai gani ba.

Masanan za su zo wata mai zuwa, kuma sai matan garuruwan nan sun yarda da ƙa'idar banda guda kafin a tura maganar rajista. Har yau ana gardama kan irin icen da za a riƙa sawa. Shi kaɗai ke iya zaunar da su a tabarma ɗaya. Wallahi ban san wanda zai iya ba yanzu.

Ɗazu Inna Hajo ta kira ni. Ta ce, "Ɗana, ragon nan hwa yana gidana. Tun bara ya sawo shi, ya ba ni kiwo, ya ce kar in gaya ma kowa. Mi za mu yi da shi?"

Ban san ya saya ba. Na ɗauka wasa ne, kamar yadda kowa ya ɗauka.

Na ce, "Inna, a ci gaba da ba shi dusa."

Allah Ya jiƙan Malam Tukur, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Allah Ya nuna mana ranar sunan nan da ya yi wa tanadi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.