Laftop Ɗin da Ta Riƙe Muryar Dada

Ranar da laftop ɗina ta ƙi tashi, ko kaɗan ban tuna da takardun makaranta da ke cikinta ba, duk da ni malami ne kuma jarrabawa ta matso. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: wani ɗan guntun bidiyo na kakata Dada, wadda ta haifi mahaifina. Ta daɗe da rasuwa, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin wannan tsohuwar kwamfuta. Na danna, na cire batir na mayar, na tofa mata addu'a, har ɗan mari na kai mata a gefe. Shiru kake ji. Na cusa ta a jaka na nufi shagon Nura mai gyara, wajen Ƙofar Mazugal.

Nura ya ce in zauna, akwai aikin wani a hannunsa. Na zauna a benci ina jira. A ƙetaren titi wata mata tana gasa masara, hayaƙin yana shigowa har cikin shagon, sai kawai na ga kaina a gidanmu na Gwammaja ina ɗan firamare.

Da damina, in an idar da magariba, Dada takan zauna a bakin madafa da kaskon garwashi a gabanta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya kafa wa tasa masarar ido kada a yi masa musanye. Iyayenta makiyaya ne. Ita kam a birni ta tsufa, amma har ta koma ga Allah in za ta yabi mutum ko ta kushe shi, da saniya take kwatanta shi. Ni kuma maigida take ce min, irin wasan kaka da jika. Kullum sai ta yi ƙorafin wai ta auri rago, ko itacen girki ba na kawo mata.

A ɗakin soro kuwa akwai Baffa Sale, autanta, da kwamfutarsa. Shi ya fara shigo da ita gidan, 'yar Beljiyam, wato ta hannu, da wata ƙatuwar monita mai ƙeya wadda sai ya rungume ta da hannu biyu yake iya ɗagawa. Baffa mutum ne mai son musaya kamar me. Yau ya ƙara mata ram, gobe ya canza sifika, jibi ka gan shi ya ɗauko wata daban yana washe baki, wai ya samu garaɓasa. Dada ba ta taɓa kiran ta kwamfuta ba, akwatin Sale take cewa.

Wata magariba ya shigo da sabuwar monita, siririya kamar faranti. Ya ba da mai ƙeyar ya yi ciko ya karɓo wannan, sai ya kawo wa Dada ta sa albarka. Ta shafa gabanta, ta leƙa bayanta, ta sake leƙawa.

"Sale, ina ƙeyar?"

"Dada, ai irin ta zamani ce, ba ta da ƙeya."

"Kai dai an cuce ka! Ka kai musu cikakkiya sun ba ka rabi, har da ciko. Zauna nan, yau da kai za a yi hirar."

Ta juya masara, ta gyara zama, ta ce kamar yadda ta saba, "Ga wata baƙuwa nan a ƙofar soro, a ce ta shigo?" Muka haɗa baki, "Ta shigo mu ji ta!"

Wai an yi wani makiyayi, Buba, yana da wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho. Ta daina nono, ta rame, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma duk sanda za su tafi kudu neman ciyawa da rani, ita ce a gaba, haka ma in za su dawo. Akwai wani babban kogi a hanya, ita kaɗai ta san inda ake taka ƙasa a haye shi. Buba bai taɓa lura ba, shi dai bin bayan garke yake da sandarsa yana fito. Suna can kudu, ran wata kasuwa, wani dillali mai zaƙin baki ya nuna masa karsana ja jawur, fatarta sai sheƙi take. Ya ce ya kawo tsohuwar nan ya ƙara ɗan maraƙi ya tafi da wannan. Buba ko shawara bai yi ba.

A nan Dada takan ƙanƙance murya ta kwaikwayi dillalin, "Wallahi don kai ne, Buba, don kai ne!" Ranar kuwa tana faɗa tana kallon Baffa, mu kuma muna ta kwasar dariya.

Da ruwa ya sauka suka juyo gida, suka tarar kogi ya kawo. Karsana ta shiga gaba da yanga, ta sa ƙafa a ruwa, ta ja da baya. Shanu suka yi cirko-cirko. Buba ya kora su ta nan, zurfi. Ya kora ta can, zurfi. Da gudu ya koma kasuwa neman tsohuwarsa, aka ce ai tuni mahauta suka gama da ita. Haka ya yi damina guda a ƙetare, yana hango hayaƙin girkin matarsa, ba halin zuwa. "To, baƙuwa ta tafi, kowa ya kaɗe rigarsa," in ji Dada. Sai ta dube ni. "Maigida, a ina Buba ya yi wauta?"

Na ce, "Da ya ba da tsohuwar mana!"

Ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce in ci masarata tun da zafi, an kusa kiran isha'i. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba, amma ni na tashi da yaƙinin na cinye gasa.

A irin wannan zaman ne Baffa ya aro kyamara wata rana ya ɗauke ta. Ɗan kaɗan ne. Tana kare fuska da mayafi tana cewa, "Sale, kawar min da abin nan, ni ba amarya ba ce." Sai ta juya gefe ta ce, "Maigida, masararka za ta ƙone." Shi ke nan bidiyon. Da na fara aiki na sayi laftop, Baffa ya zuba min shi a ciki. Tasa kwamfutar kuwa ta bi hannun 'yan musaya kamar sauran.

Daga nan na zama abin da na zama. Ni da taurin kai, ga kuma labarin Buba a zuciya. Kibod ya mutu, na canza. Batir ya kumbura, na canza. Allo ya fara zane-zane, na sayo monita ta hannu na jona mata a gida. Nura ya sha ce min, "Malam Bello, an buɗe sabon kaya, kawo wannan ka ɗan cika ka ɗauki mai ƙarfi." In ce masa Allah ya kiyaye. Uwargidana ta ce ko masu jari-bola sai an haɗa su da Allah za su karɓe ta. Ko a jikina, ni a ganina amanar Dada nake riƙewa.

"Malam Bello, kawo ta."

Muryar Nura ce ta dawo da ni shagon. Ya kwance ta, ya ɗan shinshina, ya girgiza kai, ya ce cikin ya ƙone, gyara ba zai yi ba. Saura rumbun da take ajiye komai, wanda suke kira had-disk. Ya zaro shi, ɗan abu kamar tafin hannu.

"Ai ka kwafe abin a wani wurin ko?"

Na ce a'a. Ya jona rumbun a tasa kwamfutar. Ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, ya bayyana a allo, ya ɓace, ya sake bayyana.

"Wannan ma yana kan hanya," in ji Nura. "Me za mu fara ɗauka? Faɗi da sauri."

Na nuna masa bidiyon Dada da yatsa. Wallahi ban san sanda na fara salati a fili ba. Abin yana ja, yana tsayawa, yana ja, har ya kai ƙarshe. Muka juya kan takardun makaranta, rumbun ya yi tsit, bai sake motsi ba. Nura ya ba ni haƙuri. Na ce haƙurin me? Tambayoyin jarrabawa ai na sake rubutawa.

A shagon nan na gane abin da ya ba Dada dariya. Ko Buba bai ba da tsohuwar ba, wata rana mutuwa za ta yi, ya tsaya a bakin kogin nan dai. Wautarsa ita ce duk shekarun nan bai taɓa sa wata ƙarama ta bi bayanta ta koyi hanyar ba. Ni ma haka na yi ta lallaɓa tsohuwa ina jin kaina mai wayo, saura ƙiris in rasa komai. Ranar na bar wa Nura gawar laftop ɗin ya cire abin da zai mora, na cika na ɗauki wata. Na sa ya zuba bidiyon a cikinta, da wayata, da ɗan filash na kwamfuta.

Washegari da la'asar na je gaida Baffa Sale a gidansa na Ƙofar Dawanau. Ya yi furfura, ido ma ya fara rauni. Na ce ga abin da ya ɗauka da hannunsa na kawo masa, ya ajiye nasa. Na kunna. Da muryar ta fito ta ce "Sale," sai na ga ya dafe tabarma. Haka ya kasa kunne har ya ƙare.

"Ashe yana nan," ya ce a hankali. "Nawa tun a wata musaya aka goge shi. Na so in tambaye ka, kunya ta hana ni. Ni da na yar da uwata saboda sabuwar kwamfuta, da wane baki zan tambaya?"

Shekara da shekaru abin yana jakata, gidansa ga shi nan kusa, ban taɓa tunanin yana kewar muryar ba. Baffa ya share ido da hannun riga, ya jawo laftop ɗin kusa da kunnensa.

"Bello, sake sa min ita. Daga inda ta kira sunana."