Gayya a Babi na Biyu

Da na yi ritaya na dawo Zuru, sai nas-nas masu karatun digiri na biyu suka riƙa zuwa gidana a Rikoto duk Asabar. Ina koya musu babi na biyu, inda ɗalibi zai karanta abin da masana suka rubuta kan batunsa, ya auna, ya nuna inda suka bar giɓi.

Na koyar a Sudan da Gana, na ga satar rubutu iri-iri. Shi ya sa da wata nas 'yar Mahuta ta kawo babinta kan ciwon suga ga masu juna biyu, hankalina bai kwanta ba. Shafin farko Turancin coci ne, mai ladabi. Na gabansa guntu-guntu, kamar umarni a bariki. Ita kuwa na san hannunta, jimlarta ba ta ƙarewa da wuri. Jami'arsu korar mai kwafe take yi, kuma ba ta karɓar babi sai da sa hannuna, don ni ta ba wa duba aikinsu.

Na tsayar da ita bayan sauran sun fita.

"'Yata, wa kika biya?"

"Biya kuma, Mama? Da wane albashin? Gayya muka yi. Wannan makon kowa ya taru a kan nawa, na tuƙa musu tuwo. Mako mai zuwa na wata ne."

Ko gezau ba ta yi ba. Na sake tambayarta da C'lela, don na lura ƙarya ta fi wuya da harshen gida. Amsar ba ta canza ba.

Na buɗe tsakiyar babin, na ɗora yatsa. "Me ya sa kika ce wannan binciken yana da rauni?"

Ta leƙa. "Wannan gefen ba ni na noma ba."

"To, ranar kare aiki a gaban malamai, 'yan gayyar za su shiga da ke?"



Ban sa hannu ba, ban kuma kai ƙara ba. Na ce ta kawo takardun masanan da babin ya ambata, ta karanta a gabana, ta sake rubutawa da biro a teburina. Sai da damina ta wuce ta gama. Turancin ya fi na da muni, amma duk inda na ɗora yatsa tana da amsa. Na sa hannu.

Na sauran kuwa, tun daga lokacin sumul suke zuwa, da murya ɗaya. Ina zargin ba su daina gayyar ba, sun samu mai bi yana daidaita rubutun ne.