Sittin da Takwas Yana da Suna

Kullum da safe Roscoe Tillery sai ya zauna bakin gado yana lallashin gwiwoyinsa kafin su yarda su ɗauke shi. Daga nan sai filin atisaye, a naɗe masa yatsun nan da suka karkace kamar citta, ya je ya duƙa a sahun ƙattin da ke kare mai jefa ƙwallo. Shekara goma sha uku aikinsa ke nan a ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garinmu: shi ya sa ƙirji, wani ya sha tafi.

Kowa ya sani, ɗan sahun gaba ba a jin lambarsa a lasifika sai ya yi laifi. Ya yini yana tare ƙarti, shiru. Hannunsa ya kama rigar wani, alƙalin wasa ya kira lambar rigarsa, "sittin da takwas", mu kuwa mu hau shi da ihu, bakinmu cike da gugguru. Abin da ya hana mahaifiyarsa, Mama Odessa, zuwa kallo ke nan. Ta ce, "Ba zan taso tun daga Alabama in ji sakarkaru suna zagar min ɗa ba."

A wasansa na ƙarshe koci ya shirya masa sallama: a jefa masa ƙwallo dab da layin ci, ko a kira sunansa sau ɗaya da alheri. Colby, matashin da ke jifa, ya tsokani Roscoe: "Tsoho, ka ma san kamannin ƙwallon kuwa?"

"Kai dai jefo, sarkin surutu, kafin gwiwar ta canza shawara."

Roscoe ya roƙi uwar, ta zo.

Doka ce alƙali ya sanar idan ɗan sahu zai fita kama ƙwallo. Yana cewa "sittin da takwas" ba mu tsaya jin sauran ba. Sabo turken wawa, muka ɗauki ihu, tsohuwa tana zaune tana ji.

Roscoe ya sulale, ga fili fetal a gabansa. Sai ya hango wani ƙato ya ɓullo ta bayan Colby, inda yaron ba ya gani. Ya juya ya tare shi, gwiwar hagu ta tafi. Colby ya ruga da ƙwallo ya ci, lasifika ta kira Colby.

Ana fita da Roscoe a ƙaramar mota ya ce, "Mama, ba su kira sunana ba."

Ta ce, "Su suka raɗa maka?" Ta juyo gare mu, ta ƙwala sunan ita kaɗai.

Kai ne bango, Roscoe, muka jingina da kai muna yabon rufi. Mun ji kunya, kuma mun makara, amma mun gode. Ku samarin da ke rububin ƙwallo, wani ya koyi tsaron bayan ɗan'uwansa. Mu kuma idan mun gan shi a kasuwa yana dogara sanda, kada a sake cewa ga sittin da takwas. Sunansa Roscoe Tillery.