Littafin da Na Saya da Kasuwar Kumasi

Shekaranjiya jikata ta kawo mini goro a cikin ganye, ba a leda ba. Ina warwarewa ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi, ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidanmu na Zango, ina 'yar yarinya, ƙafa a miƙe kan buhu, littafi a cinya. To tunda abin ya taso, gyara zama in ba ka labari. 'Ya'yana sun gaji da jinsa, kai kuwa sabon kunne ne.

Gidanmu gidan goro ne. Manoma su kawo daga kurmi, mata su baje a tsakar gida suna tsincewa, a ware mai sankara, a wanke mai kyau, maza su ɗaure huhu, lore ta kwasa sai Arewa. Shekarun nan ne da ko'ina ka juya ana ta maganar Bature zai tattara ya tafi. Mu dai abin da ya dame mu kada ruwan sama ya faɗo kan goro, don ruwan Kumasi ba ya sallama. Sai dai ka ji kwanon rufi ya ɗauki kiɗa, kowacce ta ruga da ƙwaryarta.

Allo na yi, kaɗan. Makarantar boko ko ƙofarta ban taɓa takawa ba. Kawu, ƙanin Inna, direban lore, shi ya koya mini baƙaƙen boko da gawayi a jikin bangon kicin, in ya dawo daga tafiya yana jiran a cika masa mota. Abin wasa ya ɗauke shi. Ni kuwa kunne gare ni, in na ji abu sau ɗaya ya zauna. Wata dawowa sai ya jefo mini wani littafi, bangonsa ya tafi, yana warin fetur da daddawa.

"Ungo, 'yar gidan Kawu. Hausa ce zalla. In kin iya, naki ne."

Kada ka tambaye ni sunansa. Na sani daga baya, amma a wurina har gobe sunansa littafin Kawu. Labarin wani ɗan marini ne da ya zame ya faɗa cikin rijiyar baba, ya ɓulla wani gari inda sarki ya karɓe inuwar kowa ya kulle a rumbu. Mutane na yawo kamar tsirara da rana, ba abin da ke binsu a ƙasa. Wallahi ranar da na haɗa baƙaƙen nan da kaina na gane abin da suke faɗa, sai da na tashi na fita tsakar gida na duba tawa ko tana nan.

Matsalar ita ce lokaci. Da dare babu hali. Baba ya ce kananzir na karatun Alƙur'ani ne, da an idar da isha'i a hure fitila. Saura rana. Ni kuma ban iya karatu a zuci ba, sai na faɗa da baki, kalma-kalma, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

Ana cikin tsintar goro Kaka, mahaifiyar Baba, ta jiyo ni. Ita ce mai tatsuniya a gidan, ba mai buɗe baki in tana yi. Ba ta kiran sunana, sai dai ta ce ƙanwata, don sunan ƙanwarta aka sa mini. Ta saurara kaɗan, ta ajiye ƙwarya.

"Ƙanwata, tatsuniya kike da rana tsaka?"

"Karatu nake, Kaka."

"Karatun da mutum ke faɗawa rijiya ya fito a garin aljanu? Miƙo shi nan."

Ka san dokar. Mai tatsuniya da rana ɓata yake a kasuwa. Mu kuwa 'yan matan gidan kullum muna babbar kasuwar Kumasi da tiren goro, kasuwar da babba ma in ya yi sakaci sai ya kwana yana neman ƙofa. Inna ta so raba gardama. Ta zaro tsinken tsintsiya ta miƙo mini, don akwai dabarar da aka gada: in dole sai ka yi da rana, ka ƙulle tsinke, ka ɗaure wancan maƙaryacin na cikin tatsuniya mai tsamin baki, shi ke nan ka tsira.

Na ƙi karɓa. Na ɓoye hannuna a baya. In na ƙulla, na yarda ke nan wahalar da na sha a jikin bangon kicin wasan yara ce. Baba in ya buɗe nasa littafin waye ke miƙa masa tsintsiya? Ban faɗi haka ba, da na sha mari. Cewa kawai na yi, "Ni karatu nake."

Kaka ta karɓe littafin ta ɗora a bakin murhu, inda ake dama koko, har gefen takardun ya soma nannaɗewa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. A hankali ta gaya mana abin da ban taɓa ji ba. Da ƙafa suka zo ƙasar nan daga Arewa, tana yarinya, cikin ayarin fatake. Wata rana sun sauka a Salaga, ita da ƙanwarta suna gadin jakuna a inuwa, ta yi wa yarinyar tatsuniya don ta daina kuka. Ba ta ƙulla komai ba. Da la'asar aka aiki ƙaramar cikin kasuwa sayen gishiri. Ba ta dawo ba. Ayari ya jira, ya gaji, ya tashi.



"Ba zan yi asarar suna ɗaya sau biyu ba," in ji Kaka. "Zaɓi. Ko littafi, ko kasuwa. In littafin kika ɗauka, ƙafarki ba ta ƙara taka kasuwar nan sai ranar da kika gama shi. Ranar ki kawo mini in sa a wuta, ki ɗauki tirenki."

Na ji tausayinta, Allah ya sani. Amma idona na kan takardun da ke shan zafi. Na miƙa hannu na ɗauke littafina.

"Na bar kasuwa."

Matan gida suka kwashe da dariya. Wata ta ce kwana nawa ne, za ta dawo tana kuka. Kada ka ɗauka ƙaramin abu na bari. Kasuwa ita ce duniyarmu. Can ake ganin jirgin ƙasa yana huci, can Mame mai dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, ke ƙara maka kifi in ka gaishe ta da Tonanci, yaren mutanen garin, can ƙawaye ke haɗuwa a yi gulmar samari. Da abin da yarinya ta samu a talla ake tara mata kwanukan aure. Duk na sani. Kullum da safe 'yan uwana su sha kwalli su fita, suna yi mini gwalo, ni in zauna cikin tsofaffi ina tsintar sankara da hannu ɗaya, ɗayan yana bin layi.

Sai ga shi matan da suka yi mini dariya sun soma matsowa da ƙoransu. In na tsaya haɗiye miyau a ce, "Ke, ci gaba mana, ya sami rumbun?" Kaka kuwa baya take juya mini. Amma Hausar littafin ba irin tamu ta Zango ba ce, irin ta bakinta ce, wadda muke kwaikwaya muna dariya in ba ta kusa. Rannan na maƙale a wata kalma, ina ta ka, karo, karo. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Karofi. Inda ake rini. Ku 'yan Zango ba abin da kuka sani sai dokunu." Daga nan duk inda na yi tuntuɓe, sai in ji gyara ya fito daga bayan nan nata.

Gab da Sallah aka kwashi yaran gida zuwa kasuwa zaɓen atamfa. Inna ta ja ni ɗaki ta ce in ba Kaka haƙuri, in miƙa littafin, ai na kusa gamawa. Na ce su zaɓo mini ko tsumma ne. Suka kuwa zaɓo mini wata mai ruwan ƙasa, kamar ta mai takaba. Na ɗaura abata na yi Sallah, kaina a sama.

Ran da ɗan marini ya fasa rumbu, inuwoyi suka fito suna gudu kowacce tana neman mai ita, har da ta wata tsohuwa da ta riga ta mutu, tana ta zagaye gari ba ta sami kowa ba, na ga kafaɗar Kaka tana rawa. Na kai layin ƙarshe. Mata suka sauke numfashi. Kaka ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙo hannu ta baya.

"Kin gama, ƙanwata?"

Na dubi murhu, wuta na ci. Na juya littafin na koma shafin farko.

"Ban gama ba."

"Ja'ira," in ji ta. Ta janye hannunta.

Haka muka zauna. Duk sanda na kai ƙarshe ta tambaya, ni kuma in ba ta amsa ɗaya. Aka yi mini aure a unguwar Aboabo da kwanukan da ba su kai na kowa ba, na tafi da littafina a ƙasan akwati. Tana ciwon ajali na zo duba ta da goyo a baya, muryarta ta shige, sai da na kai kunne. Tambayar nan ce. Na ce a'a, Kaka. Ta lumshe ido ta ce, "Madalla." Bayan an kai ta, muna naɗe tabarmarta, muka tarar da tsinkayen tsintsiya cike da ƙwarya, kowanne da ƙulli. Ashe duk ranar da na buɗe littafin nan a gabanta, ita ke ƙullawa a madadina.

'Yan uwana suka ce to kin gani, Kaka ce ta ci, ta tsare ki a gida kamar kaza. Su faɗi abin da suke so. An ce za a ƙone, ba a ƙone ba. An ce zan dawo ina kuka, har yau suna jira. Ni ban ƙulla tsinke ko ɗaya ba, kuma ban ɓata ba.

Yanzu gidan goron nan an rushe shi an yi shaguna, ganyen fita ma sai an nema. Littafin ya yi laushi kamar ganyen da ya kwana a ruwa, na ɗinke shi da zare ya fi a ƙirga. Cefanena a ƙofar gida nake yi, wannan ba ya cikin sharaɗi. Kasuwar kuwa an ce an sake gina ta, hawa kan hawa, har da matattakala. Jikar nan tawa da ta kawo goro ta dame ni, wai ta samo mota, tun da mai dokar ta daɗe a ƙasa, in zo ko sau ɗaya in gani kafin in mutu.

Na sa tabarau, na jawo littafin Kawu, rana tana tsaka, inuwata na kwance a gefen kujera.

Na ce mata, "Je ki ke, ki kula da hanya. Ni ban gama ba."