Ranar da San Maƙwabci Ya Tunkuyi Motarmu

A shekarun tsuke bakin aljihu, maigidana yana koyarwa a wata makaranta kusa da Ɗanbatta. Da bashin ma'aikata ya sayi 'yar motarsa, sharaɗin kuwa sai ya yi mata cikakkiyar inshora. Duk shekara yana biya yana tsaki.

Wata safiya da damina, maƙwabcinmu zai fita huɗa, sai sansa ya hango kansa a ƙyallin ƙofar motar, ya zaci wani sa ne. Ya ja da baya ya kai mata karo. Ƙofar ta lotse.

Ni har daɗi na ji a raina. Na ce yau dai za mu ga amfanin inshora.

Malam, maigidan nawa, ya tafi ofishin kamfanin inshorar a Kano, ya dawo da la'asar hannu Rabbana. Na bari ya ci tuwo, sannan na zauna.

"Malam, sun hana ne?"

"Ba hanawa suka yi ba. Akwai kason da aka yanka wa mai mota tun farko. Duk ɓarnar da aka yi, ni zan fara ɗaukar wannan, abin da ya haura shi ne nasu. Gyaran ƙofar bai kai kasona ba."

"Wato da san ya ƙara ƙarfi, da sun biya?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "Da sun biya abin da ya haura."

"To me ya sa suka yi haka?"

Ya ce in ba haka ba, kowa ƙaya ta karci motarsa sai ya tafi ofis, wani ma ya daina kula da tuƙi. Kuma in mutum ya yarda a ƙara masa kason, sai a rage masa kuɗin shekara.

Wannan ya tsaya mini a rai. Ina surfe ina juya shi: ashe mutum zai iya zaɓar girman asarar da zai ɗauka tun ba ta zo ba.

Maƙwabcin ya zo ba da haƙuri da kwaryar gero, alhali mun san rumbunsa ya kusa ƙarewa. Malam ya ce ya mayar wa yara. Washegari sai muka tarar ya yi mana huɗar gonar bayan gida.

Ƙofar motar ba ta ƙara buɗuwa ba sai da kaka, bayan mun sayar da gyaɗa. Duk daminar nan ta wajen direba nake shiga, ina tattare zane. Da lokacin sabunta inshora ya zo, ni na ce ya nemi a ƙara kason, ya kuma daina ajiye motar a hanyar shanu.