Ƙahon da aka yi wa Yaya Mamman

Bana shekara goma sha takwas ke nan da muka kai yayana Mamman makwancinsa a Gidan Sori. Na ƙidaya har sau uku kafin in rubuta, don ina tsoron in yi wa mamaci ƙarya. Ya rasu a shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu barkatai, ga shi bana ma an sake kafa akwatuna.

Yaya Mamman mai ciwon sukari ne, yana yi wa kansa allura. Duk da haka shi ne ƙafar jam'iyyarsu. Daga garinmu zuwa kasuwar Cadakori a ƙasa yake zuwa, yana raba hotunan ɗan takara. Da ƙafarsa ta hagu ta fara sanyi tana duhu, ni na kasa barci. Na ce mataccen jini ne ya taru, sai an fitar. Shi bai damu ba. Ni na matsa, ni na kira wanzami, ni na riƙe ƙafar a cinyata aka tsaga da aska aka ɗora ƙaho.

"Sassauta, Idi, ka bar rawar hannu," in ji shi yana dariya. "Ni ko komi ban ji ba."

Na ji daɗin wannan magana. Na ɗauka shaida ce cewa jinin ya mutu da gaske.

Tsagar ba ta rufe ba. Ta yi ruwa, ta yi wari, har masu gaisuwa suka koma tsayawa a zaure. Ranar zaɓe 'yan jam'iyya suka turo amalanke, suka ɗauke shi suna toshe hanci da rawani, ya jefa ƙuri'a. Washegari na je roƙon amalanken nan don mu kai shi bakin hanyar Maradi. Shugabansu ya ce, "Shanun sun gaji, Malam Idi. Ai ya riga ya yi mana mai wuyar." An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta. Kafin mu isa likita ruɓar ta wuce gwiwa.

Ya bar ɗiya, Rabi, tana shekara shida. Ni na riƙe ta, na sa ta lakol, wato makarantar boko, yanzu aikin jinya take a Maradi. Da ƙaramar sallah ta zo gida, na tambaye ta ciwon da ya kashe ubanta. Ta ce akwai wata tsoka a bayan tumbi mai yin maganin sukari na jiki, kuma tare da shi take fitar da wani ɗan abu, kamar ɗan rakiya. Masu bincike na ganin ɗan rakiyar nan yana taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su yi taushi, su lanƙwasa su ratsa ƙananan jijiyoyi. In tsokar ta gaza, ƙwayoyin kan yi tauri, yatsun ƙafa su zauna da yunwa, kuma allura ba ta ɗauke da ɗan rakiyar. Ashe jini ne bai isa wurin ba, ni kuma na sa aka zuƙe ɗan wanda ya isa. Gyaran gangar Auzinawa.

Sai ta ce, "Baba, wai wane marar imani ne ya kai shi ga wanzami?"

Na ce an daɗe, na manta.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar da shugaban nan yana yawo a mota, wanzamin kuma ɗansa ya gaji askar. Ina jin dariya zai yi, ya ce Idi har yanzu hannunka na rawa. Jam'iyya ba ta tuna sunansa ba. Abin da ya rage nasa shi ne Rabi, wadda ke duba ƙafafun mutane yatsa bayan yatsa, tana faɗa kamar ubanta.

Rabi, na san kina karanta wannan jarida. Ban manta ba. Ni na riƙe ƙafar.